Gasar Dakar na matsowa: ina za a kai yaran titi, wa zai bi sawunsu?

Ranar 31 ga Oktoban 2026 ne za a buɗe gasar Olamfik ta matasa a Senegal, a kammala ranar 13 ga Nuwamba. Dakar da Diamniadio da Saly ne za su karɓi baƙi, kuma wannan ne karo na farko da wata gasar Olamfik za ta sauka a nahiyar Afirka. Abin alfahari ne. Amma duk wanda ya san yadda manyan biranenmu ke shirya tarbar baƙi ya san cewa bayan fenti da kwalta da fitilun hanya akwai wani aikin da ba a sa shi cikin jadawalin da ake bugawa: kwashe mabarata da 'yan talla da yaran da ke kwana a tasha, a kai su inda idon baƙo ba zai kai ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, mu Hausawan zango, ko muna Salaga ko Kumasi ko Abijan ko Kwatano. Galibin waɗanda aka kwashe a manyan samamen da aka yi a Dakar a 2022 da Akara a 2025 'yan Nijar ne, kuma da Hausa yawancinsu suke roƙo. A nan Gana kuma, 'yan matan da ke dako a kasuwannin kudu daga arewa suke gangarawa, daga ƙasar Dagomba da Mamprusi da Gwanja da gefen Bawku.

Ƙungiyoyin agaji, na gida da na Turai, sun daɗe suna ƙulla ƙawance da juna da kuma hukumomi a kan waɗannan yara. Ra'ayina shi ne, ƙawancen da ba zai iya canza abin da ke faruwa ranar da motar 'yan sanda ta tsaya ba, kuma kuɗinsa bai bi yaro har garinsu ba, ya zama ɗakin ajiya ga masu samame, ko da masu shi ba su yi nufin haka ba.

Abin da ya faru a Akara

Da asubahin Juma'a 16 ga Mayun 2025, jami'an hukumar shige da fice ta Gana suka bazu a Kaneshie da Abossey Okai da shataletalen Kwame Nkrumah da Sabon Zango. Alƙaluman da hukumar ta fitar da kanta sun ce an kama mutum 2,241. A cikinsu 1,332 yara ne, mata 755, maza 577. 'Yan Nijar 2,073, 'yan Najeriya 138, 'yan Burkina Faso 28, sai mutum ɗaya daga Gini, ɗaya daga Mali. Wato a cikin kowane mutum goma da aka loda a mota, kusan shida ƙananan yara ne. Cikin 'yan kwanaki aka fara kai su iyaka, har ta kai hukumar ta dakatar da kamen na ɗan lokaci don wurin tsare mutanen ya cika.

Babu wata gasa a gaban Akara a wannan watan, kuma dalilin da ya sa na fara da shi ke nan. Gasa ba ita ke haifar da samame ba. Motocin suna nan, dokar tana nan, ra'ayin jama'a da ke kallon yaron titi a matsayin ƙazanta shi ma yana nan. Abin da gasa ke ƙarawa shi ne wa'adi da kuɗi da kunyar baƙo. Aikin da a da za a yi ta jan ƙafa a kansa, sai a gama shi cikin mako guda.

Kuma ba shi ne karon farko ba. A watan Yunin 2022 ma'aikatar kula da mata da yara, tare da ofishin jakadancin Nijar, ta mayar da mutum sama da dubu ɗaya gida. Shekara uku bayan haka aka kama ninkin wancan adadi a rana ɗaya. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa kai mutum bakin iyaka ba ya taɓa abin da ya fito da shi.

Wani abin lura shi ne Sabon Zango na cikin wuraren da aka shiga, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20. Ministan cikin gida da aka yi samamen a ƙarƙashinsa, Muntaka Mohammed-Mubarak, ɗan majalisa ne mai wakiltar Asawase, mazaɓar da zangunan Kumasi suka cika. Don haka ba za a ce wasu bare ne kawai suka far wa Hausawa ba. A zango ma akwai masu murna da kamen, domin suna ganin barar tana zubar da mutuncin Musulmi, kuma ta sa ana yi wa kowane mai jin Hausa kallon baƙo. Tsofaffinmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu kwana 14 su fice, aka haɗa har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Wanda ya ga wannan, yana da dalilin gudun duk abin da zai sake ɗaura masa sunan baƙo. Na fahimci tsoron. Sai dai bai kamata yaro ɗan shekara shida ya biya kuɗinsa ba.

Tsohuwar al'ada ce

Akara ta daɗe tana share gida da mutane. Lokacin da ake shirin taron ministocin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu na 1991, wanda aka gina babban zauren taro na birnin dominsa, an tashi mutane daga gefen Osu, wasunsu suka sauka a bakin tafkin Korle. Wurin shi ne Old Fadama. Bayan shekara uku, yaƙin 1994 ya ɓarke a nan arewa tsakanin Konkomba a gefe ɗaya da Nanumba da Dagomba da Gwanja a ɗaya gefen, ya ci ƙauyuka a kewayen Bimbilla da Yendi da Salaga, dubban mutane suka mutu, waɗanda suka tsira da yawa suka gangara kudu suka sauka a wannan fili. Haka unguwar ta cika. A watan Yunin 2015 aka rushe wani ɓangarenta bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a birnin. A Yulin 2021 aka rushe makwabciyarta Agbogbloshie, aka kai 'yan albasa Adjen Kotoku, can bayan gari. Duk inda aka kai kasuwa, 'yan dako da yaran da ke goye a bayansu suna biye.

A 2007 abubuwa uku suka taru wa Gana: bikin cika shekara 50 da samun 'yanci a watan Maris, taron shugabannin Tarayyar Afirka a Yuli, da gasar cin kofin Afirka da za a fara ranar 20 ga Janairun 2008. Hukumar birnin Akara, ƙarƙashin Stanley Nii Adjiri Blankson, ta yi ta korar 'yan talla daga manyan tituna, tana tura su kasuwar da aka gina musu a Odawna. Ba a ce yara ake nema ba. Amma wa ke sayar da fiya wata a tsakiyar motoci? Wa ke ɗaukar kayan mai tebur? Idan an kori tallar, an kori yaron da ke ci daga gefenta. Masar ta ɗauki kofin ranar 10 ga Fabrairu, baƙi suka watse, 'yan talla suka koma inda suka saba.

Arewa ta samu rabonta a gasar: filin wasa na Tamale, wanda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Aliu Mahama. Daga Salaga zuwa can kimanin kilomita 120 ne. Filin yana nan, kyakkyawa, amma bai hana yarinya ko ɗaya hawa motar Kumasi ba.

Yara iri biyu, tsintsiya ɗaya

Ana yawan haɗa yaran titin Akara a kwando ɗaya, alhali labarinsu daban-daban ne. Ƙidayar da sashen jin daɗin jama'a ya yi tare da wasu ƙungiyoyi, wadda aka fitar a 2011, ta samu yara 61,492 a titunan yankin Babban Akara. Mafi yawansu 'yan ƙasa ne.

Akwai 'yan matan da ake kira kayayei. Kalmar ma rabinta tamu ce: kaya daga Hausa, yei kuma mata a harshen Ga. Damina ɗaya ake yi a arewa, don haka daga girbi zuwa saukar ruwa wata biyar ko shida babu abin yi a ƙauye. Yarinya tana son kwanukan aure, ko kuɗin keken ɗinki, ko kuɗin komawa makaranta, sai ta bi yayarta. Mu malaman makaranta a nan muna ganin abin a rajista: bayan hutun Disamba sai ka tarar da kujeru babu masu su, wasu su dawo da ruwan fari, wasu shiru. A Bawku kuma akwai ƙarin dalili. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya sake tashi tun ƙarshen 2021, ya kawo dokar hana fita da kashe-kashe a hanya, ya kori malamai da ma'aikatan lafiya, ya durƙusar da kasuwar da a da take ciyar da ƙasashe uku. Yaron da makarantarsa ba ta da malami, ubansa kuma ya rufe shago, ba sai an yaudare shi zuwa kudu ba.

Sai kuma matan Nijar da yaransu. Yawancin waɗanda aka mayar daga Dakar a watan Maris na 2022, kimanin mutum dubu ɗaya a jiragen da gwamnatin Nijar ta ɗauka bayan wani rahoton gidan talabijin na TFM ya ba ta kunya, daga Kantché da Magarya suke, a jihar Damagaram, daf da iyakar Daura da Jigawa. Gonaki sun ƙanƙance, haihuwa ta yi yawa, kuma barar ƙetare ta zama sana'ar da ake gina gida da ita. Daga wannan yanki ne galibin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013 suka fito, 52 daga cikinsu yara. Mutanen da wannan bai hana su fita ba, kwana biyu a motar hukumar shige da fice ba zai hana su ba.

A nan dole a faɗi gaskiyar da wasu masu kare haƙƙi ke kauce wa. A cikin wannan bara akwai cin zali. Akwai yaran da ba 'ya'yan matan da ke riƙe da su ba ne, an karɓo su daga iyayensu da alkawarin za a riƙa aiko da wani abu. Akwai masu shirya tafiya, masu ba da bashin kuɗin mota, masu karɓar kaso. Gwamnatin da ta ce ba za ta zuba ido ba tana da gaskiya. Tambayar ita ce wa take kamawa. Idan aka loda uwa da yaro da dillali a mota ɗaya aka sauke su a iyaka, dillalin ne kaɗai ya ci riba, domin an mayar masa da hajarsa gida kyauta, kuma babu wanda ya tambaye shi komai.

Doka ta riga ta yi magana

Gana na da dokoki biyu da ke jan juna. Dokar mabarata da gajiyayyu ta 1969, wadda gwamnatin soja ta bari, ta mai da bara laifi, ta ba ɗan sanda ikon kamawa ba tare da sammaci ba. Dokar yara ta 1998 kuwa ta lissafa yaron da aka samu yana bara a cikin masu buƙatar kulawa da kariya, ta ɗora wa sashen jin daɗin jama'a na gunduma alhakin bincikar halinsa, kotun iyali kuma ta yanke inda za a ajiye shi. Ga kuma dokar hana fataucin mutane ta 2005, wadda da ita ya kamata a bi dillalan. Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Fabrairun 1990, kuma jami'anmu ba sa gajiya da tuna wa duniya haka.

Kwamitin da ke sa ido kan wannan yarjejeniya ya fitar da bayani na 21 a 2017, musamman kan yaran titi, ya nemi ƙasashe su daina kwashe su da ƙarfi, su soke dokokin da ke hukunta yaro don bara ko yawo. Ranar 4 ga Disamban 2020 Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta ba da fatawar cewa dokokin hukunta zaman kashe wando, waɗanda akasari gadon mulkin mallaka ne, sun saɓa wa yarjejeniyoyin Afirka, har da ta yara.

Yara 1,332 a rana guda, jami'an jin daɗin jama'a nawa za su zauna da kowanne su ji daga ina yake, wace ce matar da ke tare da shi, ko yana shayarwa, ko yana da ciwo? Yawan adadin da hukuma ke alfahari da shi, shi ne shaidar cewa irin wannan binciken ba zai yiwu ba.

Akwai kuma sabuwar matsala. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ko CEDEAO, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku suna shige da fice ba biza har sai an yi sabon tsari. Wato 'yancin da ɗan Nijar ke da shi tun yarjejeniyar 1979 yanzu ya koma alfarma, kuma alfarma ana iya janye ta ranar da aka ga dama.

Darasin Durban da na Dakar

Misalin da ƙungiyoyin agaji suka fi kafa hujja da shi shi ne Durban. Shekaru da dama 'yan sandan birnin suna kwashe yara daga bakin teku duk lokacin da babban taro ya matso, su zubar da su nesa da gari. Kafin gasar cin kofin duniya ta 2010, ƙungiyar Umthombo, wadda wasu ma'aikatanta su ma tsofaffin yaran titi ne, ta haɗa kai da Amos Trust ta Ingila. Suka riƙa tattara shaidar kamen suna kai wa 'yan jarida, sannan a watan Maris na 2010 suka shirya wa yaran titi tasu gasar kofin duniya, da tawagogi takwas, Indiya ta ci. Daga nan aka samu Street Child United, wadda ta maimaita gasar a Rio a 2014, Mosko a 2018, Doha a 2022. Masu shiryawa suna lissafa daina kamen Durban a cikin nasarorinsu.

Abin da ya yi aiki a Durban, a ganina, rabon aiki ne. Ta gida ta san yaran da sunansu, ta san lungun da suke kwana, don haka ranar da aka rasa ɗaya ta sani kafin azahar. Ta waje kuma tana da hanyar kai labarin ga jaridun ƙasashen da baƙin za su fito. Hukumar da ke kwashe yara don gudun kunya, sai ta ga kwashewar ta fi jawo mata kunya. Ƙwallon ita ce ta jawo masu kyamara, amma da babu rajistar sunaye da shekarun aiki a titi, da hotuna kawai za a ɗauka a tafi.

Ba kullum ake dacewa ba. A Oktoban 2015 kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya soki Birazil kan yadda 'yan sanda ke gallaza wa yaran titi da sunan tsabtace Rio kafin Olamfik na 2016, shekara guda bayan gasar yaran titi a wannan birni. A Faransa, gamayyar ƙungiyoyi da ake kira Le Revers de la Médaille ta ƙirga mutum 12,545 da aka tasa daga matsugunansu a yankin Paris tsakanin Afrilun 2023 da Mayun 2024. Ba su hana korar ba. Amma sun ƙirga, kuma saboda sun ƙirga, gwamnati ta rasa bakin cewa ba a yi ba.

Senegal kuwa ta nuna ɗaya fuskar ƙawance, wadda ta fi ba ni tsoro. A ƙarshen Yunin 2016 Shugaba Macky Sall ya ba da umarnin janye yara daga titi. 'Yan sanda suka riƙa kwasowa suna kai wa cibiyar Ginddi ta gwamnati da wasu gidajen ƙungiyoyi. Rahoton Human Rights Watch na Yulin 2017 ya nuna an ɗauke yara sama da 1,500, kuma sama da 1,000 daga cikinsu an mayar da su hannun malaman da suka tura su bara, ba tare da an gurfanar da kowa ba. Gidajen sun ciyar, sun yi wanka, sun ba da magani, babu mai raina wannan. Amma a ƙarshe sun zama zangon tsakiya a tafiyar da ta ƙare inda ta fara. Arewacin Najeriya ya yi makamancin haka a 2020, lokacin korona, da gwamnoni suka riƙa loda almajirai a motoci suna aika wa juna, Kano ta kai Kaduna da Jigawa da Katsina, wasu yaran suka isa ɗauke da cutar.

Ƙungiyar da ta karɓi yara daga motar samame ba tare da sharaɗi ba tana asarar abin da ya fi kuɗi tsada a wannan aiki, wato amincewar yaran. Catholic Action for Street Children, da ke aiki a Akara tun farkon shekarun 1990, ta gina aikinta a kan cewa yaro da ƙafarsa yake shigowa cibiya, da ƙafarsa yake fita. Ranar da yara suka ga ma'aikacin agaji a tsaye kusa da ɗan sanda, sai su gudu daga dukansu biyu, su koma lungun da ya fi duhu da hatsari.

Sharuɗɗan da ya kamata a gindaya ba masu wuya ba ne, amma sai an rubuta su tun gasa na da sauran watanni, lokacin da masu shirya ta ke buƙatar suna mai kyau. Kada a ɗauki yaro sai da jami'in jin daɗin jama'a a wurin. A rubuta sunansa da inda aka kai shi, a rajistar da ƙungiyoyi za su iya dubawa. Kada a raba shi da uwarsa, kada kuma a miƙa shi ga wanda ba a tabbatar da dangantakarsu ba. A samu tafinta. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne a ido, amma yarinyar Magarya da ba ta jin Faransanci ko Wolof ko Twi, da wane baki za ta ce matar nan ba uwata ba ce?

Kuɗin yana tsayawa a kudu

Babban gurbin da ke cikin ƙawancen Gana shi ne taswirarsa. Ofisoshi da motoci da tarukan otal suna Akara da Kumasi, inda ake ganin yaran. Inda suke fitowa kuwa hannaye kaɗan ne. Akwai masu ƙoƙari: AfriKids tana aiki daga Bolgatanga fiye da shekara ashirin, Youth Alive tana Tamale. Amma a gundumomi irin Gwanja ta Gabas, jami'in da doka ta ɗora wa bibiyar yaron da aka dawo da shi yana buƙatar babur da mai kafin ya kai ƙauye, kuma irin wannan kashe kuɗi ba ya burge mai ba da tallafi, don babu hoton da za a ɗauka.

Gwamnatoci sun yi wasu abubuwa. An fara ciyar da 'yan firamare a 2005, tallafin kuɗi na LEAP a 2008. A 2017 aka soke harajin kasuwa da ake karɓa daga kayayei, aka mai da babbar sakandare kyauta, aka kafa asusun raya zanguna. Sai dai sakandare kyauta tana amfanar wanda ya kai ƙofarta ne. Yarinyar da ta bar aji huɗu ta tafi Kejetia ba ta cikin lissafin.

Abu mafi araha da ƙawance zai iya yi a nan shi ne takardar haihuwa. Rajista kyauta ce a Gana cikin watanni 12 na farko, bayan nan sai da kuɗi da zirga-zirga. Yaron zango mai suna Musa ko Hadiza, da Hausa a bakinsa, ba takarda a aljihunsa, ranar samame da me zai nuna cewa a Salaga ko Bawku aka haife shi? Jami'in da ke sauri ba zai tsaya jin tarihin fataken goro ba. Limamai da masu unguwa da ake kira sunan jariri a gabansu ranar bakwai, su ne suka fi kowa damar cike wannan gurbi, kuma ban ga dalilin da zai hana ranar suna ta zama ranar rajista ba.

Wannan ya kawo ni kan namu alhakin. Salaga ta yi suna ne da saukar baƙi. Ayarin Kano da Katsina da Sakkwato suna isowa Gwanja neman goro, kowane falke yana da fatomansa da zai ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya amsa dominsa idan magana ta taso. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, wannan tsari ne ya bi mutane zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da Akara, ya zama sarautar zango. A wannan kasuwa ta Salaga kuma aka sayar da bayi, cikinsu har da yara, kuma ba Turawa ne kaɗai suka ci ribar ba. Gadon biyu duk namu ne. Yau matan Kantché suna kwana a bakin shagunan Sabon Zango da Nima, sadakar Juma'a da muke miƙawa ta tagar mota ita ce jarin da dillalinsu ke lissafi da shi, amma da wuya ka ji an kira sarkin zango ko ƙungiyar matan masallaci a teburin da ake tsara makomarsu. Ƙungiyoyin Turai suna neman abokan aiki masu rajista da asusun banki da rahoto cikin Turanci. Sarakunanmu kuma, da yawansu, sun fi son a ce ba su san mutanen ba. A tsakanin waɗannan biyu, mutanen da suka fi kowa jin harshen yaran suna waje.

Zangon Dakar bai kai na Akara girma ba, amma akwai 'yan Nijar da 'yan Najeriya masu sana'a a can, akwai ofisoshin jakadanci, akwai ƙungiyoyin Senegal da suka shekara suna aiki da almajiran daara. Gasar da za a yi ta matasa ce, 'yan wasan da za a yi wa tafi sa'o'in waɗanda ke riƙe da gwangwani a Sandaga ne, kuma wannan ya ba ƙungiyoyi hujjar da ba su taɓa samun irinta ba a gaban kwamitin Olamfik. Ranar 12 ga Afrilu, ranar yaran titi ta duniya, saura wata shida da rabi ke nan a buɗe gasa. Idan zuwa lokacin ba a ga rubutacciyar yarjejeniya tsakanin masu shirya gasar da 'yan sanda da ƙungiyoyi ba, mai ɗauke da rajista da tafinta da sunan wanda zai karɓi kowane yaro a Damagaram ko Kolda ko Bisau, to a sa ido a kan motocin da za su fita daga Dakar a watan Satumba. Bayan Dakar kuma akwai kofin Afirka na 2027 a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, sai kofin duniya na 2030 da Maroko ke cikin masu masauki, ƙasar da 'yan ci-ranin Afirka ta Yamma da yaransu suka cika biranenta.